Launin Hayaƙi a Hoto: Daga Fitila, Daga Gwangwani, Ko Daga Kwamfuta?

Hotunan hayaƙi mai launi suna kama da juna a ido, amma ba hanya ɗaya aka bi aka same su ba. Akwai wanda hayaƙinsa fari ne tun asali, fitila aka rufe wa fuska da leda mai launi, haskenta ya rina shi a lokacin ɗauka. Akwai wanda aka kunna gwangwanin hayaƙi mai rini a ciki, hayaƙin ya fito ja ko shuɗi da kansa. Akwai kuma wanda aka ɗauka fari a gaban baƙin ƙyalle, sai daga baya aka zauna gaban kwamfuta aka ɗora masa launi. Mai son shiga wannan fanni yakan tambayi wacce ta fi, kuma a ganina amsar ta rataya ne a kan abu biyu: kaurin hayaƙin da ake son ɗauka, da kuma ko akwai mutum a cikin hoton wanda launin zai sauka a fuskarsa da tufafinsa.

Kafin a zo kan launi, dole a fara da inda haske yake fitowa, domin nan ne yawancin hotunan hayaƙi suke lalacewa. Hayaƙi ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo a iska, kuma ba sa mayar da haske baya kamar yadda bango yake yi, sun fi tura shi gaba, wato ɓangaren da hasken ya nufa tun farko. Masanin kimiyya Gustav Mie ɗan ƙasar Jamus ya fitar da lissafin wannan ɗabi'a a shekarar 1908, amma ido ma yana shaida ta: ƙurar ɗaki ba ta bayyana sosai sai mutum ya fuskanci hasken rana da ya ratso ta taga. Saboda haka filashar da ke zaune a kan kyamara ita ce mafi munin zaɓi, tunda za ta haska bangon baya fiye da hayaƙin. Wurin da ya dace shi ne gefe, daidai da hayaƙin ko ɗan bayansa kaɗan, a kare fitilar da baƙin kwali ta ɓangare biyu, don kada haske ya zuba a kan ƙyallen baya kuma kada ya shiga idon kyamara. Wannan tsari ba sabo ba ne. Étienne-Jules Marey na Faransa, tsakanin 1899 da 1901, ya ɗauki hotunan zaren hayaƙi fari a kan baƙin fage don nazarin tafiyar iska, kuma har yau ƙa'idar ita ce dai, a haska hayaƙin a bar bayansa cikin duhu.

Zaɓi na farko shi ne tsakanin filasha da fitila mai ci gaba da haske, irin ta LED. Fifikon filasha yana cikin gajartar walƙiyarta. Ƙaramar filasha ta hannu tana walƙiya na kusan 1/1000 na sakan idan an buɗe ƙarfinta duka, idan kuma aka rage zuwa 1/16 sai lokacin ya koma kusan 1/10000. A cikin ɗaki mai duhu wannan walƙiya ce take tsayar da motsin hayaƙi, ba marufin kyamara ba, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, don haka a bar marufin a 1/200 ko 1/250, iyakar da yawancin kyamarori ke daidaituwa da filasha. Yawan hasken yana ba da damar a ƙuntata ƙofar idon kyamara zuwa f/8 ko f/11 a bar ISO, wato ma'aunin saurin karɓar haske na kyamara, a 100 ko 200, kuma hakan yana da muhimmanci ƙwarai saboda hayaƙi ba ya tsayawa a layi ɗaya, yana karkata zuwa ga kyamara ya kuma koma baya, sai an sami zurfin fokas kafin murɗe-murɗensa su fito da kaifi. Fitilar LED kuwa tana nuna wa mai ɗauka abin da zai samu kafin ya danna, wanda babban taimako ne ga mai koyo, kuma ita ce mafita ga mai amfani da waya ko mai ɗaukar bidiyo. Sai dai haskenta bai kai na filasha ba ko kusa. Don a tsayar da hayaƙi da ita ana bukatar marufi ya yi gudun 1/250 ko fiye, sai a tilasta wa mutum ya buɗe ido zuwa f/4 ya ɗaga ISO zuwa 1600 ko sama, daga nan fokas ya yi siriri, baƙin fagen kuma ya cika da tsaki-tsaki. Ana iya rage matsalar ta matso da fitilar, domin idan aka rage nisanta da rabi hasken yana ninkuwa sau huɗu. Duk da haka, ga hoto marar motsi filasha nake fifitawa, ko da mai arha ce wadda ake saita ƙarfinta da hannu.

Yanzu a ɗauki hayaƙi siriri, irin na turaren tsinke, wanda shi ne aka fi amfani da shi saboda yana daɗewa yana ci kuma ba ya cika ɗaki da sauri. Hayaƙinsa yana tashi a miƙe daga bakin tsinken, ya yi 'yar tafiya, sannan ya fara lanƙwasa yana naɗewa, kuma a wannan mahaɗa tsakanin miƙewa da hargitsewa ake samun siffofi mafi kyau. Kyamara ba ta iya kama fokas a kansa da kanta, sai a saita da hannu a kan bakin tsinken, a ɗaga kyamarar kaɗan har tsinken ya fita daga hoto. A rufe taga, a kashe fanka, amma a riƙa tsayawa lokaci-lokaci ana buɗe ɗakin, saboda hayaƙin da ya taru a iska yana mayar da baƙin fage toka-toka, kuma ba shi da kyau ga numfashi.

Ga irin wannan hayaƙi, gasar tana tsakanin ledar launi da kwamfuta. Ledar launi, irin wadda kamfanonin Rosco da Lee Filters ke yi, ba ta ƙara wa haske komai, tace shi take yi ta riƙe sauran launuka ta saki ɗaya. Abin da ta riƙe asara ce. Rawaya tana sakin mafi yawan hasken, amma ja mai zurfi tana sakin kusan kashi 10 cikin 100 kawai, shuɗiya mai duhu irin Congo Blue kuwa ko kashi 1 cikin 100 ba ta kai ba. Mai amfani da su zai ƙara ƙarfin filasha, ƙarin ƙarfi kuma yana tsawaita walƙiya da lokacin jira kafin ta sake cika. Akwai wani abu da ke rikita masu farawa: idan launin bai fito ba sai su ƙara haske, alhali ƙarin haske dusashe launin yake yi, ja ta koma ruwan hoda, shuɗi ya koma fari-fari. Launi mai zurfi yana zuwa ne daga rage haske, da kuma hana duk wani farin haske shiga ɗakin. Idan aka sa fitila biyu masu launi daban a dama da hagu, inda suka haɗu yana bin ƙa'idar haɗuwar haske, wadda ta bambanta da ta fenti: ja da shuɗi su ba da shunayya mai haske, ja da kore su ba da rawaya, ruwan lemo da shuɗi kuma su nufi fari. Kyawun wannan hanya shi ne kowane lanƙwasa na hayaƙin yana ɗaukar launin fitilar da ya fuskanta, sai hoton ya nuna gaba da baya, abin da yake da wuya a ƙirƙira da hannu. Aibinta kuma shi ne an riga an yanke hukunci tun wurin ɗauka. Kyamara tana ajiye hoto ne a tasoshi uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kuma hoton da aka haska da jan haske zalla kusan duk bayanansa suna cikin tashar ja kaɗai, tasoshin kore da shuɗi babu abin kirki a cikinsu, don haka juya shi zuwa wani launi daga baya yakan fito da datti.

Idan aka ɗauki hayaƙin da farin haske, duk tasoshin uku suna cike da bayani, kuma hoto ɗaya yana iya zama kala goma. Shi ya sa ga hayaƙi siriri da ke tsaye shi kaɗai a kan baƙin fage, ba na ganin dalilin ɗaure kai da leda sai idan tasirin fitila biyu ake nema. Amma hanyar kwamfuta tana da sharuɗɗanta, kuma na farko shi ne a ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Fayil ɗin JPEG yana da matakai 256 ne kawai tsakanin baƙi da fari a kowace tasha, shi kuwa RAW mai bit 14 yana da 16,384. Hayaƙi kusan dukansa sauyi ne a hankali daga haske zuwa duhu, kuma idan aka ja waɗannan matakai 256 da ƙarfi sai sauyin ya karye ya koma layi-layi. Saboda wannan dalili a buɗe hoton a tsarin bit 16 a yi dukan aikin a haka, sai a ƙarshe a mayar da shi JPEG.

Jerin aikin ma yana da tasiri. A fara da baƙin fage, a ja madaidaicin baƙi a Levels ko Curves na manhajar Photoshop har fagen ya zama baƙi na gaske, amma a tsaya kafin siraran gefunan hayaƙin su fara ɓacewa, domin su ne suke sa ya yi kama da hayaƙi. Allon kwamfuta yana ɓoye datti a cikin duhu, don haka yana da kyau a ɗaga hasken hoton sosai na ɗan lokaci a ga ɗigon ƙura da toka da ke yawo, a goge su, sannan a mayar. Bayan haka ne ake zuwa launi, kuma nan ma akwai hanyoyi da suka bambanta a sakamako. Mafi sauƙi ita ce Colorize a cikin Hue/Saturation, wadda ke ba dukan hayaƙin launi ɗaya. Tana da sauri, amma hoton yakan fito a shafe. Ta biyu ita ce a buɗe sabon shafi a saman hoton, a zuba launuka masu narkewa cikin juna ko a shafa su da burushi mai laushi, sannan a mayar da yanayin haɗin shafin zuwa Color, wanda ke ɗaukar launi daga sama ya bar haske da inuwar hoton yadda suke. Ta uku, wadda na fi so, ita ce Gradient Map, domin tana raba launi bisa ga hasken kowane wuri: inda hayaƙin ya yi siriri ya zama shuɗi mai duhu, tsakiya ta zama shunayya, inda ya yi kauri ya zama rawaya. Sakamakon yana bin jikin hayaƙin, ba ya zama kamar an shafa masa fenti daga waje. A duk hanyoyin biyu na farko, wurin da ya ƙone ya zama fari fat ba ya karɓar launi, saboda haka tun wurin ɗauka a kula kada mafi hasken hayaƙin ya kai ƙarshen ma'aunin haske na kyamara.

Mai son farin fage ba sai ya ɗauka a gaban farin bango ba, wanda ma ba zai yi kyau ba. A ɗauka a kan baƙi, a juya hoton da umarnin Invert, fagen ya koma fari, hayaƙin ya koma duhu. A tuna cewa launi ma yana juyawa zuwa kishiyarsa, shuɗi ya koma rawaya, kore ya koma ruwan hoda mai ƙarfi, don haka a juya tukuna sannan a sa launi. Duk wani datti da aka bari a baƙin fagen zai fito fili a kan fari.

Da zarar mutum ya shigo cikin hoton, lissafin ya sauya gaba ɗaya, kuma a nan ne kwamfuta take rasa fifikonta. Dabarar da aka saba ita ce a ɗora hoton hayaƙi a kan hoton mutum da yanayin Screen, wanda ke ɓatar da baƙi ya bar haske. Tana aiki ga ɗan siririn hayaƙi na ado, amma Screen ƙara haske kawai yake yi, ba ya iya rufe abin da ke bayansa, alhali hayaƙi mai kauri yana ɓoye kafaɗa, yana jefa inuwa, yana kuma mayar da launinsa a kan kunci da farar riga. Ido yana gane rashin waɗannan abubuwa ko da mai kallo bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Ana iya zana su da hannu, amma aikin sa'o'i ne, kuma da wuya ya kai na gaske. Don haka idan ana son mutum ya tsaya a cikin hayaƙin, launin ya zo tun wurin ɗauka, zaɓin kuma ya koma tsakanin injin hayaƙi da ledar launi a cikin ɗaki, ko gwangwani a waje.

Injin hayaƙi yana dumama ruwa mai gilisarin ko gilaikol ya fesa farin hazo, kuma ana iya maimaitawa sau nawa ake so, a gyara fitila, a sake gwadawa. Tsarin da ya fi aiki shi ne a sa fitilu masu leda a baya su haska hazon, a sa farar fitila a gaba wadda aka ƙuntata haskenta ya sauka a fuska kaɗai, domin idan ya bazu cikin hazon zai wanke launin. Abin da wannan hanya ke bayarwa haske ne mai launi da ke rataye a iska, ana ganin abin da ke bayansa.

Gwangwani wani abu ne daban. A cikinsa akwai rini haɗe da sukari da sinadarin potassium chlorate, da wani abin sanyaya wuta irin baking soda, an auna su yadda za su ci a hankali, zafin ya mayar da rinin tururi ba tare da ya ƙone shi ba, tururin kuma ya daskare a iska ya zama ƙwayoyi masu launi. Tunda launin yana jikin hayaƙin, farin haske yake bukata. Sa masa leda kuskure ne, domin jan haske a kan koren hayaƙi duhu kawai zai haifar. Haka kuma shawarar haskawa daga baya tana bukatar gyara a nan: rana a bayan hayaƙin kai tsaye tana sa gefunansa su yi ƙyalli, amma tana dusashe launin, hasken gefe shi ne yake fito da dunƙule-dunƙulensa da cikakken launi. Ranar da gajimare ya rufe sama launin yana yin zurfi amma siffar tana kwantawa, sai a taimaka da filasha daga gefe. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana. Marufi ya yi gudun 1/500 zuwa 1/1000, ƙasa da haka hayaƙin yana narkewa ya zama shafe.

Babban abin da ya raba gwangwani da sauran hanyoyin shi ne lokaci. Yawancinsu suna ci ne tsakanin sakan 30 zuwa 90, ba a kuma kashe su a sake kunnawa. Dole a gama saitin haske, a kulle fokas a kan fuska, a nuna wa wanda ake ɗauka duk motsin da zai yi, kafin a ja zaren. Iska ita ce mai iko da wurin: idan tana da ƙarfi hayaƙin ba zai taru ba, idan kuma babu ita ko kaɗan zai lulluɓe mutumin cikin 'yan sakanni. Iska mai laushi da ke ratsawa ta gefe, da gwangwani a bayan mutumin, shi ne haɗin da ya fi ba da hoto mai tsabta. Batun lafiya kuwa ba na wasa ba ne. Gwangwanin yana fitar da tartsatsi lokacin kunnawa, jikinsa yana zafi, rininsa yana ɓata tufafi da fata, hayaƙinsa yana tayar da ciwon asma. Ba a kunna shi a cikin ɗaki ko kusa da busasshiyar ciyawa, a ajiye bokitin ruwa a gefe don jefa wanda ya ƙare, kuma a bincika dokar wurin, tunda ƙasashe da yawa suna lissafa shi cikin kayan wasan wuta, jiragen sama kuma ba sa yarda a shiga da shi.

Gyaran hoton gwangwani ya fi na turare sauƙi, amma yana da tarkonsa. Ja da ruwan lemo suna saurin cika tashar ja har siffar hayaƙin ta ɓace ta zama faci guda, alhali ma'aunin haske na gaba ɗaya yana nuna komai lafiya, don haka a duba ma'aunin tasoshi uku a kyamara, a rage haske kaɗan idan ja ta kai bango. A wurin gyara, rage hasken launin a sashen HSL na manhajar Lightroom, inda ake gyara kowane launi daban, ya fi ƙara ƙarfinsa amfani, domin yana dawo da dunƙulen da ya ɓace. Madaidaicin Dehaze, wanda Adobe ya shigo da shi a 2015 don cire hazo, yana ƙara wa hayaƙi nauyi idan an taɓa shi kaɗan, idan aka zarce kuma sai ya cinye siraran gefuna ya ɓata fata, shi ya sa a keɓe shi ga hayaƙin kaɗai da mask, wato abin ware wani ɓangare na hoto. Akwai kuma shawarar da ya kamata a yanke tun wurin saye: fatar ɗan Adam, mai duhu da mai haske, tana zaune ne a yankin ja da ruwan lemo, saboda haka duk gyaran da aka yi wa hayaƙi mai waɗannan launuka zai taɓa fuska. Hayaƙi shuɗi, kore ko shunayya ana iya juya shi zuwa wani launi da madaidaici ɗaya, fuskar ba ta motsa ba.

Game da manhaja ba sai an tsawaita ba. Lightroom ya wadatar ga hoton gwangwani da na leda, inda gyara ne kawai ake yi wa launin da ke nan. Ɗora launi a kan farin hayaƙi yana bukatar shafuka da yanayin haɗi, wato Photoshop, ko GIMP wanda kyauta ne kuma tun fitowar 2.10 a 2018 yake aiki da bit 16 da 32. Mai amfani da GIMP zai haɗa shi da darktable ko RawTherapee don buɗe fayilolin RAW. Kowacce aka yi amfani da ita, a fitar da hoton da za a sa a intanet a tsarin launi na sRGB, a kuma duba shi bayan fitarwa, saboda launukan hayaƙi masu tsananin ƙarfi su ne suka fi saurin sauyawa a wannan mataki.

Ga wanda bai taɓa yi ba kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, filasha mai saitin hannu da abin kunna ta daga nesa nake ba shi shawara ya fara saya, ya haɗa da baƙin ƙyalle da ƙunshin turare. Da su zai ɗauki ɗaruruwan hotuna a zama ɗaya, ya matsar da fitilar gaba da baya ya ga yadda hayaƙin ke amsawa, ya kuma sami fayilolin da zai koyi sa launi a kansu. Ledar launi tana da arha, ana iya ƙara ta a kowane lokaci a kan filashar nan. Gwangwani ya jira sai ranar da mutum ya iya saita haske da fokas ba tare da dogon tunani ba, kuma ko a ranar ya sayi fiye da adadin da yake zaton zai bukata, domin na farko yakan tafi ne wajen gane inda iska ta dosa.